Yadda ake shirya fim a kan rayuwar shahararren mawaƙi

Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara talatin tana aiki, idan aka ƙirga daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano, kuma babu abin da ya cika finafinanta kamar waƙa. Duk da haka, da wuya mutum ya nuna fim ɗin da aka shirya musamman domin ba da tarihin ɗaya daga cikin manyan makaɗan ƙasar Hausa, irin su Mamman Shata, Ibrahim Narambaɗa, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos ko Barmani Choge, alhali kuwa har gobe ana sauraron waƙoƙinsu a tasha da kasuwa da gidajen rediyo. A wasu ƙasashe irin wannan fim ya daɗe da zama hanyar samun kuɗi da suna. Fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, wanda ya ba da labarin Freddie Mercury na ƙungiyar Queen, ya tara fiye da dala miliyan 900 a sinimomin duniya. A nan gida Najeriya ma, Tunde Kelani ya fitar da Ayinla a 2021, a kan Ayinla Omowura, mawaƙin Apala na Abeokuta da aka kashe a 1980. Saboda haka wanda ya ƙuduri aniyar yin irin wannan aiki da Hausa yana da misalan da zai duba, na waɗanda suka dace da na waɗanda suka yi tuntuɓe, kuma abin da ke biye bayani ne kan yadda zai bi aikin daga tushe.

A fara da izinin waƙoƙi

Mafi yawan masu shirya fim sukan fara ne da rubuta labari, daga baya su nemi izini. A fim ɗin mawaƙi, wannan tsari a juye yake, domin idan ba a sami waƙoƙin ba, labarin da aka rubuta ba shi da abin da zai tsaya a kai. An ga haka a fim ɗin da aka yi kan mawaƙin Amurka Jimi Hendrix a 2013, inda masu kula da dukiyar da ya bari suka hana a yi amfani da waƙoƙin da ya tsara, dole aka riƙa nuna jarumin yana kaɗa waƙoƙin wasu mutane. Haka aka sake yi a 2020 da wani fim kan mawaƙin Birtaniya David Bowie. Mai kallo ya biya kuɗinsa ne domin ya ji muryar da ya sani, kuma idan bai ji ta ba, kyawun hoto ba zai rarrashe shi ba.

Abin da ya kamata furodusa ya fahimta tun farko shi ne haƙƙi biyu ne a cikin kowace tsohuwar waƙa. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitocinta da karinta, wanda na mawaƙin ne, bayan rasuwarsa kuma ya koma hannun magadansa. Akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi mata a faifai ko kaset, wanda sau da yawa yana hannun kamfanin faifai ko gidan rediyon da ya ɗauka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ta kuma ba sautin da aka naɗa kariyar shekara 50. Ke nan waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya kuwa, da ya rasu a 2015, sun fi haka nisa. Kasancewar waƙa tana yawo a wayoyin mutane ko a YouTube ba ya nufin ta zama ta kowa.

Wahalar da ta keɓanta da ƙasar Hausa a nan ita ce yawan magada. Babban makaɗi yakan bar mata da 'ya'ya masu yawa, a garuruwa daban-daban, kuma haƙƙin waƙa dukiya ce da ta shiga gado kamar gida ko gona. Kuskure ne babba a zauna da babban ɗa shi kaɗai, a ba shi kuɗi, a ɗauka an gama. Hanyar da ta fi aminci ita ce a nemi iyalin su naɗa wakili ko wakilai da takardar amincewa mai ɗauke da sa hannun magada, sannan lauya ya rubuta yarjejeniya da za ta fayyace waƙoƙin da za a yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya, da tsawon lokacin izinin, da wuraren da za a nuna fim ɗin, ko sinima ne ko talabijin ko intanet, da kuma yadda za a biya, ko kuɗi ne dunƙule ko kaso daga ribar da aka samu. A sa dattijon da iyalin ke jin nauyinsa ya shaida, domin takarda ita kaɗai ba ta hana rigima a gidan da ba a yi wa kowa bayani ba. Kada kuma a manta da 'yan amshi da makaɗan da muryoyinsu da hannayensu ke cikin faifan. Waɗanda suke raye a nemi yardarsu, a kuma ware musu wani abu, tun da ba a taɓa yin waƙar kalangu ko ta kotso da mutum ɗaya ba.

Bincike

Da zarar maganar izini ta kama hanya, sai a shiga bincike, kuma a fara da mutane kafin takardu, saboda takarda tana iya jira amma tsoho ba ya jira. A nemi 'yan amshin da suka rage, da sanƙira, da direban da ya yi yawo da mawaƙin, da matansa, da waɗanda ya yi wa waƙa ko 'ya'yansu. A ɗauki hirar da kamara mai kyau, a bar su su yi magana yadda suke so, a kuma tambaye su ƙananan abubuwan da marubucin tarihi ba ya damuwa da su amma darakta ba ya iya aiki sai da su: yadda yake zama, hannun da yake ɗagawa idan zai ba 'yan amshi alama, abin da yake ci kafin wasa, yadda yake raba kuɗi bayan an tashi, irin abin da ke sa shi fushi. Idan mutum biyu suka ba da labari ɗaya ta fuska biyu, a riƙe duka biyun, domin sau da yawa a cikin saɓanin ne fitowa mai ma'ana take.

Bayan haka sai taskoki. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki makaɗan Arewa masu yawa, haka ma gidajen talabijin na NTA da gidajen rediyon jihohi. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sassan nazarin harsunan Najeriya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗalibai suka rubuta kundaye masu yawa kan makaɗa ɗaiɗaiku, wasu ma sun yi hira da su suna raye. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa wuri ne mai kyau na farawa, ga wanda kuma Shata ne a gabansa akwai littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006. Waƙoƙin su kansu taska ce, domin makaɗin Hausa yana ambaton garuruwan da ya je, da mutanen da suka ba shi doki ko mota ko kujerar Makka, da waɗanda suka ɓata masa rai. Sai dai a karanta su da hankali, saboda mawaƙi yana kambamawa, kuma kambamawar tana cikin sana'arsa.

Zaɓen zangon rayuwa

Nan ne marubuta da yawa suke faɗuwa. Son a faɗi komai yakan sa a fara daga ranar suna a ƙare a maƙabarta, sai fim ɗin ya koma jerin aukuwa, kowace fitowa tana gaggawar ba ta gaba wuri, mai kallo kuma ya tashi bai san mutumin ba. Shata an haife shi a Musawa a 1923, ya rayu shekara saba'in da wani abu, ya ga zamanin Turawa da na Sardauna da yaƙin basasa da mulkin soja, ya yi waƙoƙin da ba a gama ƙidaya su ba. Awa biyu ba za ta ɗauki wannan ba, ko da wane ne ya rubuta.

Masu fim ɗin Bob Marley na 2024 sun magance wannan ta hanyar ɗaukar ƙasa da shekara biyu kacal daga rayuwarsa. Sun fara daga harbin da aka yi masa a gidansa da ke Kingston a watan Disamba na 1976, suka bi shi zuwa Landan inda ya naɗa faifan Exodus, suka dawo da shi Jamaika domin wasan neman zaman lafiya na watan Afrilun 1978. Yarintarsa kuwa gutsattsari kawai aka nuna. Fim ɗin Walk the Line na 2005 kan mawaƙin Amurka Johnny Cash shi ma bai bi shi har tsufa ba, ya tsaya ne a 1968, alhali mawaƙin ya rayu har 2003. Darasin shi ne a nemi lokacin da mutumin yake cikin matsi, yana son wani abu, wani abu kuma yana tare masa hanya, a gina fim ɗin a kan wannan.

Ga mai son yin fim kan Shata, ana iya tsayawa a kan samartakarsa kaɗai: yaron da mahaifinsa bai so ya zama maroƙi ba, wanda ya yi tallan goro da alewa a kasuwannin ƙauye kafin ya rungumi waƙa, har zuwa lokacin da sunansa ya fara ketare ƙasar Katsina. Ana kuma iya ɗaukar alaƙarsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wadda ta yi ƙarfin da a Daura aka binne shi. Ga Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, sunansa ma ya riga ya ba da labarin: yaron da ya rasa uwa da uba tun yana ƙarami, ya tashi a hannun sarkin garin, ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙa yi wa karen mota da talakan gari waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke fada. Ga Narambaɗa, zaman da ya yi da Sarkin Gobir na Isa Amadu ya isa fim, domin a cikinsa akwai biyayya da kishi da gasar 'ya'yan sarauta. Ga Barmani Choge kuwa, tambayar da za ta riƙe fim ɗin ita ce yadda mace ta fito da kiɗan ƙwarya daga cikin gida zuwa dandali, da abin da hakan ya jawo mata na yabo da na suka. Idan kuma an dage sai an ba da rayuwar gaba ɗaya, to a yi fim mai dogon zango, kamar yadda Misrawa suka yi wa mawaƙiyarsu Ummu Kulsum a talabijin a 1999, tun da masu kallon Hausa sun riga sun saba da bin shiri mako-mako.

Gaskiya, iyali da zambo

Tun da izinin waƙoƙi yana hannun iyali, iyali suna da ƙarfin faɗa a ji a kan labarin, kuma a nan ne ake bukatar dattaku daga ɓangarorin biyu. Babu ɗan da zai so a nuna mahaifinsa cikin wani hali na rauni, wannan kuwa abin fahimta ne. Amma fim ɗin da aka wanke jaruminsa tas, ba ya kuskure, ba ya fushi, ba ya zaluntar kowa, ya zama waƙar yabo, mawaƙin kuwa bai rasa masu yabonsa ba. Rayuwar makaɗa ta ƙunshi dogayen tafiye-tafiye da barin iyali, da rigima kan rabon kuɗi, da gaba tsakanin makaɗi da makaɗi, da kallon ƙasƙanci da wasu ke yi wa roƙo duk da suna jin daɗin waƙar. Idan aka cire waɗannan, ba a bar abin da zai sa mai kallo ya damu da mutumin ba. Fim ɗin Ray na 2004 bai ɓoye shan ƙwayar mawaƙin Amurka Ray Charles da neman matansa ba, kuma an shirya shi ne da saninsa da haɗin kansa kafin ya rasu a watan Yunin wannan shekarar. Hakan bai rage masa daraja a idon masu kallo ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta cikin yarjejeniya cewa iyali za su karanta labarin, su gyara kuskuren tarihi, su kuma faɗi abin da suke ganin cin mutunci ne, amma hukuncin ƙarshe a kan tsarin fim yana hannun darakta. A nasa ɓangaren, darakta ya ɗaure kansa da ƙa'ida ɗaya: ba zai jingina wa mamaci wani aibu ba sai wanda ya tabbata daga majiya fiye da ɗaya, ba kuma zai nuna shi ba sai idan labarin yana bukatarsa. Akwai bambanci tsakanin nuna rauni da tonon asiri, kuma mai kallon Hausa yana gane bambancin nan da nan.

Sauya tarihi domin daɗin labari shi ma yana da iyaka. Ana iya haɗa mutum uku su zama ɗaya, ana iya ƙirƙirar hirar da babu wanda ya ji ta, domin babu fim ɗin da ba ya yin haka. Abin da ba ya kyautuwa shi ne a juya jerin manyan aukuwa ta yadda ma'anarsu za ta canza. Bohemian Rhapsody ya sha suka a kan haka, domin ya nuna Freddie Mercury ya san yana ɗauke da cutar ƙanjamau kafin wasan Live Aid na Yulin 1985, alhali abin da makusantansa suka faɗa shi ne a 1987 aka tabbatar masa da cutar. An yi haka ne don wasan ƙarshe ya ƙara taɓa zuciya, amma an sayi wannan da gaskiyar rayuwar mutum. A ƙasar Hausa, inda masu sauraro suka haddace wace waƙa aka yi wa wane sarki a wane zamani, irin wannan sauyi ba zai wuce ba a kama shi ba.

Akwai kuma wata matsala da finafinan Turai ba su cika fuskanta ba, wato zambo da habaici. Makaɗan fada sun yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu zambo mai zafi, wani lokaci da suna, wani lokaci da siffar da duk garin ya san wanda ake nufi. Jikokin waɗannan mutane suna nan, wasunsu ma su ne ke riƙe da sarauta a yau. Sauraron zambon a kaset daban, ganin an sa ɗan wasa ya fito a matsayin kakan mutum ana yi masa dariya a allo kuma daban. A nan ya kamata a nemi shawarar masarautar da abin ya shafa, a kuma yi tunanin sauya suna ko barin mutumin a bayan fage, a nuna tasirin zambon a fuskokin 'yan fada maimakon a nuna wanda aka yi wa.

A nuna yadda waƙa ke samuwa

Wannan shi ne abin da ya raba fim ɗin mawaƙi da kowane fim na tarihi, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Sau da yawa akan nuna jarumi ya yi tagumi, sai kawai a ji waƙa ta fito cikakkiya, kamar ba aiki aka yi ba. Mai kallo yana son ya ga aikin. Makaɗan Hausa kuwa suna da hanyoyi mabambanta da kamara za ta ji daɗin bi. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, ya ba 'yan amshi layin da za su riƙe, shi kuma ya riƙa zuba baiti yana duban wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta. Fitowa ɗaya da za ta nuna yadda sanƙira ke raɗa masa sunan baƙo da asalinsa, da yadda sunan ke shiga waƙa bayan ɗan lokaci kaɗan, ta fi dogon jawabi kan baiwarsa amfani. Ƙungiyar Ɗanƙwairo kuma wani tsari ne daban, inda jagora ke fara magana 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, muryoyi suna hawa kan juna, abin da ba ya yiwuwa sai da zama da maimaitawa. A nuna wannan zaman, a nuna gardama kan kalma ɗaya, a nuna yaron da ya kasa riƙe amshi aka yi masa faɗa. Ɗanmaraya shi kaɗai yake waƙarsa da kuntiginsa, saboda haka nasa fim ɗin zai fi bukatar a nuna shi yana kallon mutane a tasha da kasuwa, inda yake samo abin da zai faɗa.

Kowace waƙa da aka sa a fim ta kasance tana da aikin da take yi a labarin. A zaɓi kaɗan, a bar wasunsu su yi tsawo har mai kallo ya nutse, maimakon a yanko minti ɗaya-ɗaya daga waƙa ashirin don kada a ce an bar wata. Bakandamiyar Narambaɗa, alal misali, waƙa ce da makaɗi ke faɗin ko shi wane ne, don haka wurinta shi ne inda labarin ya kai ga jarumin yana bukatar ya tabbatar da kansa, ba farkon fim ba don kawai ta shahara.

Jarumi da murya

Wajen zaɓen wanda zai fito a matsayin mawaƙin, kama ta fuska ita ce abu na ƙarshe da za a duba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayuwa da motsi da numfashi, da kuma harshe. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suka yi magana, ta ƙasar Sakkwato da Zamfara, Shata kuma Bakatsine ne, don haka ɗan wasan da ya tashi a Kano dole ya zauna da masu wannan karin harshe na tsawon watanni, ko kuma a nemi ɗan yankin tun farko ko da ba shi da suna. Jin Narambaɗa yana magana da Kananci tsakanin waƙa da waƙa zai rushe duk abin da aka gina. Sanannen jarumi yana jawo kasuwa, amma yana zuwa da fuskar da mutane suka saba gani a wasu finafinai, kuma a irin wannan aiki sunan mawaƙin ne ke sayar da fim, ba na ɗan wasa ba.

Game da murya, hanya biyu ce, kowace da farashinta. Ta farko ita ce a yi amfani da ainihin muryar mawaƙin, ɗan wasa ya riƙa motsa baki, abin da 'yan fim ke kira mamin. Haka aka yi a mafi yawan waƙoƙin fim ɗin Ray, inda Jamie Foxx ya bi muryar Ray Charles, sai dai Foxx da kansa ya iya kaɗa piyano, wanda ya sa hannayensa ba su ƙaryata shi ba, har ya ci kambun Oscar. Ta biyu ita ce ɗan wasan ya rera da kansa, kamar yadda Joaquin Phoenix ya yi a Walk the Line. Ga makaɗan Hausa na da, hanyar farko ta fi dacewa, saboda muryoyinsu sun zauna a kunnen jama'a ta yadda kwaikwayo, komai kyansa, zai zama abin dariya. Matsalarta ita ce ingancin tsofaffin faifai, waɗanda aka ɗauka da makirfo ɗaya, ga ƙara ga shashshaka. A nemi kwafi mafi kusa da na asali daga gidan rediyo ko kamfanin da ya ɗauka, ba wanda aka kwafa daga kaset zuwa kaset ba, a kai wa injiniyan sauti ya tsabtace shi. Akwai manhajojin kwamfuta a yanzu da ke iya raba murya da kiɗa, wanda zai ba da damar a riƙe muryar mawaƙin a sake ɗaukar kiɗan da amshin a sitidiyo da makaɗa na gaske. Inda ake bukatar jarumin ya yi waƙa ba a dandali ba, kamar lokacin gwaji ko cikin mota, ana iya samun mai murya makusanciya ya rera, a gauraya da ta ɗan wasan, dabarar da aka yi amfani da ita a fim ɗin Freddie Mercury. Amma sa ƙirƙirarriyar basira ta kwaikwayi muryar mamaci ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, wannan kada a kusance shi sai da rubutaccen izinin magada, kuma a sanar da masu kallo.

Makaɗan da za su bayyana a bayan jarumi su zama makaɗa na gaske, ba 'yan wasan da aka rataya wa ganga ba. Kalangu yana sauya sauti ne da matsin hammata, kuma duk wanda ya taɓa zuwa biki zai gane idan hannu da hammata ba su tafi daidai da abin da kunne ke ji ba. Kada kuma a musanya kayan kiɗa don wanda ake so bai samu ba: kotso daban, taushi daban, kalangu daban, kuma kowanne yana nuna irin makaɗin da matsayin wanda ake yi wa kiɗan. Piyanon sitidiyo da aka saba sa wa a waƙoƙin fim ba shi da wuri a nan ko kaɗan.

Zamani da wuri

Kuɗin fim ɗin tarihi yana tafiya ne a kan abubuwan da ke bayan jarumi, don haka a tsara su da lissafi. Wasu ranaku suna taimakawa wajen kauce wa kuskure. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, ta kuma bar fam da sule ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, saboda haka fitowar da aka ce ta faru a 1965 ba za a ga naira a hannun mai kyauta ba. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna a 1975 ya fara aiki. A kula da ɗinkin riguna da irin huluna da tabarau da makirfo, a kuma duba bayan kamara da kyau saboda turakun sadarwa da babura da ledoji da rufin kwano mai launi, waɗanda suka cika ko'ina a yau. Ya fi sauƙi a sami ƙauye ko tsohuwar unguwa guda a yi mafi yawan aikin a can, da a yi ta yawo gari-gari. Taron jama'a kuma ba sai an tara dubbai ba, domin mutum ɗari da aka yi wa sutura daidai, aka ɗauke su daga kusa, sun fi dubu da ke sanye da kayan yau. Idan za a ɗauki fitowa a fada, a nemi izinin masarauta da wuri, a kuma ɗauki wani daga cikin 'yan fada ya nuna yadda ake zama da gaisuwa da inda makaɗi ke tsayawa, tun da kowace fada da tsarinta.

Kafin a fitar

Idan an gama tacewa, a fara nuna fim ɗin ga iyali da 'yan amshin da suka rage da masana biyu ko uku, a cikin ɗaki, tun ana iya gyara. Daga nan sai a kai shi Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, da ta Jihar Kano idan a can za a nuna ko a sayar, kuma yana da kyau a tuntuɓe su tun a matakin rubutu idan labarin ya taɓa sarauta ko addini ko siyasa, don kada a kashe kuɗi a kan fitowar da za a ce a cire. A sa fassarar Turanci da Faransanci a ƙasan allo saboda masu kallo na kudu da na Nijar da Kamaru, a kuma ba fassarar baitocin ga wanda ya san waƙar baka, domin kirari da habaici ba sa fassaruwa a hannun wanda bai san abin da ake nufi ba. A farkon fim a rubuta a fili cewa an gina shi a kan rayuwar wane, an kuma sauya wasu sunaye da aukuwa. A ƙarshensa a jera kowace waƙa da mai haƙƙinta da inda aka samo sautinta, tare da sunayen 'yan amshi da makaɗan asali gwargwadon yadda bincike ya gano su. Hirarrakin da aka ɗauka lokacin bincike kuwa, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu za su shiga fim, a yi kwafinsu a ba iyalin ɗaya, a kuma ajiye ɗaya a ɗakin karatu na jami'a ko Gidan Arewa, tare da takardar da ta nuna wanda aka yi hira da shi da ranar da wurin.